Baba Na-Iya Ya Yi Kiwon Tsoka a Kwalba

A layinsu babu mai tuna sunansa na yanka. Tun yana saurayi, in aka ce famfo ya toshe, sai ya ce, "Na iya." In aka ce akuya ta kasa haihuwa, "Na iya." Ranar da motar kashe gobara ta mace a bakin shagonsa, kafin direba ya buɗe baki har ya naɗe hannun riga. Shi ya sa yaro da babba suke ce masa Baba Na-Iya. Sana'arsa ta gaskiya gyaran fanka da dutsen guga ce, kuma a nan ba laifi, in dai ba za ka damu ba in fankarka ta dawo tana juyi da baya.

Autarsa tana jami'a, a shekarar ƙarshe. Aikin da aka ba ta a ɗakin gwaje-gwaje a kan tsutsar nan ne mai cinye gonakin masara. Ba kiwon tsutsar ake so ba. So ake a yanko ɗan mitsitsin tsoka daga cikinta, a sa a ruwan sinadari cikin kwalba, ƙwayoyin tsokar su rayu su yi ta hayayyafa ba tare da tsutsar ba, don a riƙa gwada maganin ƙwari a kansu.

Wata ranar da yamma ta dawo gida ta zube a kan tabarma, ko abinci ba ta kalla ba.

"Baba, sun sake mutuwa."

Na-Iya ya saki cokali. "Inna lillahi! Su wa? 'Yan ajinku?"

"Ƙwayoyin tsutsata."

Ya dube ta, ya dubi matarsa, sai ya kwashe da dariya har da buga cinya. "Ƙwaro? Ƙwaron da muke kashewa yana ƙaruwa? Jiya kyankyaso na taka da takalmi, na juya baya ya tashi ya kakkaɓe jikinsa ya tafi. Shi ne ku, da fararen rigunanku da na'urorinku, kuka kasa rayawa?"

"Baba, ba haka abin yake ba. Jinin tsutsar ma da ya sha iska sai ya yi baƙi ya zama guba ga tsokar. Ƙura ɗaya in ta faɗa kwalbar, funfuna ta cinye komai. Zafi in ya yi yawa su mutu, sanyi in ya yi yawa su ƙi motsi. Ruwan da muke ba su kuwa, da sukari, da gishiri kala-kala, da wani abu da ake tatsowa daga yis ɗin burodi, duk sai an auna."

"Wato romo."

"Ba romo ba ne, Baba."

"Ruwa da gishiri da kayan daɗi, in ba romo ba mene ne? Yarinya, je ki huta. Na iya."

Matarsa ta ɗaga kai daga tsintar shinkafa. "Allah Ya raba tukwanena da wannan kalma."

Washegari Auta ta koma makaranta, don za ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai har ta gama jarrabawa. Shi kuwa Na-Iya ko shago bai gama buɗewa ba ya sanar da layi gaba ɗaya cewa abin da ya gagari jami'a shi zai yi a ɗakin ajiyar gidansa.

Tela, maƙwabcin shagonsa kuma abokin tsiyarsa tun ƙuruciya, bai ko tsai da keken ɗinki ba. "Wanda ya ce zai haɗiye gatari, ai sai a riƙe masa ƙota."

"Riƙe da kyau. Kafin wata ya mutu zan fito da tsoka curi guda kamar dunƙulen hannuna. Ba kai, ba ƙafa, ba kashi. Tsoka zalla."

Mai Kaji, wata dattijuwa da ke kiwon kaji a bayan layin, ta tsaya da bokitin dusa a kai. "Baba Na-Iya, kaji za su ci?"

"Za su ci har su yi gyatsa. Daga yau ki daina ƙulla abota da mai dusa."

Da jin haka ta ce ya shiga ɗan lambunta ya ɗebi tsutsa iya son ransa, dama sun addabi kabejinta. Ya shiga da hula a hannu, ya yi ta tsinta yana jefawa ciki. Da hular ta kusa cika ya ajiye ta a ƙasa don ya miƙe bayansa. Kafin ya gama miƙa, zakaran gidan da matansa sun yi walima. Ya bi zakaran da gudu, ya taka kwanon ruwan kaji, ya zauna daɓas a cikin caɓi. Abin da ya tsira da shi bai fi cikin tafin hannu ba, su ma don sun shige cikin naɗin hular ne.

"Ka ga kuwa sun ci," in ji Mai Kaji. "Tun ba a sa a kwalba ba."

A gida ya kwashe buhunan ɗakin ajiya ya tula a ƙofar kicin. Ya jawo wata matacciyar firji da wani ya kawo gyara shekarun baya ya gaji da zarya ya bar masa, ya saƙala mata ƙwan fitila a ciki, ya ƙara da dutsen guga don ɗumi. Ya tattara kwalaben gidan, na gilashi da na roba, ya zuba a babbar tukunyar miya ya ɗora a wuta, don ya tuna Auta ta ce sai an kashe ƙwayoyin cuta. Na gilashin suka fita lafiya. Na robar suka narke suka rungume gindin tukunya.

Matarsa ta leƙa, ta daɗe tana kallo. "Malam, wannan tukunyar da ita aka kawo ni gidan nan."

"Za a rubuta sunanta a tarihi."

"A rubuta, amma da wace zan yi miyar dare? Da tarihin?"

Ya ci gaba da harkarsa, don masu babban aiki ba sa biye wa ƙananan maganganu. Ya sa rigar ruwa a madadin farar riga, ya ɗaura hular wankan matarsa, ya rufe hanci da hankici. Ya tuna an ce ana goge hannu da sifirit, kuma ana aiki kusa da harshen wuta. Abin da bai tambaya ba shi ne wanne ake fara yi, kuma wane jinkiri ake bari a tsakani. Ya kwarara sifirit a hannu har gwiwa, ya shafa saura a fuska don ƙarin tsafta, sannan ya ƙyasta ashana.

Ƙarar da ya yi har shagon Tela. Allah Ya taimaka bokitin wanke-wanke yana kusa, ya tsoma kai ciki gaba ɗaya. Da ya ɗago, fata dai ba ta ƙone ba, amma girarsa ta yi ƙaura, gemun kuwa ɓangaren dama ya tafi ya bar na hagu cikin maraici.

Tela ya shigo da almakashi a hannu, ya tsaya ya ƙare masa kallo. "Sannu. In daidaita maka ɗaya ɓangaren, ko haka masana suke barinsa?"

"Gashi yana ɗauke da ƙwayoyin cuta," in ji Na-Iya yana tsiyayar ruwa. "Da gangan na rage."

Ya zauna fiɗa. Ya kwantar da tsutsa a kan faranti, ya gyara tabarau, ya ɗora mata reza. Tsutsa ta ce fit, ta zama koren kunu. Ya leƙa ya leƙa, bai ga inda tsoka ta ƙare kashi ya fara ba. Kafin ya yanke shawara ruwan ya soma duhu, ya koma baƙi kamar tawada.

"Ba shi ne Auta ta ce guba ba?" in ji matarsa daga bakin ƙofa.

"Nasu ne guba. Nawa nuna ya yi."

Ya kwashe duka da cokalin shayi ya rarraba a kwalabe. Ya zuba romon kaza, da sukari, da gishiri, ya fasa ƙwai ya ƙara gwaiduwa don ƙarfin jiki. Ya jera a firji, ya kunna ƙwan fitila da dutsen guga, ya rufe.

Da azahar wani ƙamshi ya cika gidan. Kyanwoyin layin suka jeru a kan katanga kamar masu jiran rabo. Da ya buɗe firjin tururi ya buge shi, kwalaben suna tafasa, gwaiduwar ta dahu ta taso sama.

Matarsa ta shinshina. "Ka yi ƙoƙari. Albasa kawai ta rage."

Zubi na biyu ya cire dutsen guga. Wannan karon sukarin da ya ɗiga a jikin kwalaben ne ya aika wa kiyashi goron gayyata. Da safe ya tarar da su sun yi layi daga bakin ƙofa har cikin firji, masu shiga na shiga, masu fita na fita da kaya. Ransa ya ɓaci. Ya ɗauko maganin feshi, ya buɗe kwalaben ɗaya bayan ɗaya ya feshe su ciki da waje.

Sai da ya ba Tela labari yana alfahari, Tela ya tsai da keke a karo na farko.

"Tsaya in gane. Naman mene ne a kwalbar?"

"Na ƙwaro."

"Maganin mene ne ka fesa?"

Na-Iya ya gyara zama. Ya shafa inda girarsa take a da. "Gwaji ne. Ai dama don a gwada magani ake kiwonsu. Ni na haɗa aikin biyu a rana ɗaya, kuma maganin yana aiki."

Zubi na uku ya zauna ya yi tunani mai zurfi, sai ya tuna abin da ya manta. Yis! Ya je gidan burodi ya samo, ya zuba wa kowace kwalba cokali cike, ya ƙara sukari don kada a yi rowa. Saboda kiyashi kuma ya ɗaure marafan tamau, ya naɗe su da tef ɗin wayar lantarki. Kwalba ɗaya ce marfinta ya tsage, ya toshe ta da tsumma.

Kwana kaɗan sai ga abin mamaki. Ruwan ya yi kauri ya yi gajimare, kumfa tana tasowa. A saman wasu wani farin abu mai laushi kamar auduga ya tsiro, a wasu kore, a wata har da ɗigon baƙi da ruwan goro. Kullum ƙaruwa yake. Na-Iya ya tsaya gaban firji, hawaye ya cika masa ido.

"Zo ki gani! Tsoka ta kama, har ta fara gashi!"

Matarsa ta leƙa da hanci a toshe. "Irin wannan gashin na gani a kan burodin da ya kwana huɗu."

"Hassada ga mai rabo taki ce."

Bai yi shawara da kowa ba. Ya sa babbar rigarsa, ya karkata hula ta rufe goshi, ya hau mota sai jami'a. Ya yi ta tambaya har aka kai shi ofishin malamar da ke duba aikin Auta, wadda kowa ke kira Dakta, mace mai ƙaramin jiki da kallo mai sa ɗalibi ya tuna laifin da bai yi ba.

"Ni ne mahaifin ɗalibarki. Aikin nan da ya gagare ku, an gama shi a gidana. Kwalabe cike. Ki zo ranar Asabar da la'asar ki gani."

Dakta ta cire tabarau a hankali. "A gida? Da waɗanne kaya?"

"Kayan aiki ai ba sa gagarar gidan da ɗalibar kimiyya take," in ji shi yana murmushi, a zatonsa ya yabi 'yarsa.

A ranar Auta ta bugo wa uwarta waya tana kuka. Dakta ta kira ta ta ce in har ta tabbata ta fitar da ko kwalba ɗaya ko sinadari daga ɗakin gwaji zuwa gida, to ta ajiye farar riga, aikinta na shekara ya tashi. Uwar ta sami Na-Iya a tsakar gida.

"Ka ji abin da bakinka ya jawo wa yarinya?"

Maganar ta ɗan taɓa shi, don duk duniya ba abin da yake so kamar Auta. Amma ya dake. "Bari Asabar ta zo. Da Dakta ta ga tsokar nan, da kanta za ta ba yarinyar nan lambar yabo."

Asabar ta zo da rana mai zafi. Na-Iya ya jera bencina a ƙofar shago, ya fito da tebur. Ya ce tebur ba ya kyau tsirara, ya lallaɓi Tela ya ara masa wani farin yadi da aka kawo ɗinki, da alkawarin ko ƙura ba za ta taɓa shi ba. Tun azahar ya jera kwalaben a kai, a tsakiyar rana, don masu wucewa su more kallo. Kafin la'asar layin ya cika. Mai Kaji ta zo da kajinta a cikin keji, wai su ɗanɗana a gaban shaidu. Yara sun hau katanga. Can sai ga Dakta ta sauko daga mota, Auta tana bin ta a baya, idanu sun kumbura.

Auta ta hango tebur, ta dafe kai. Marafan kwalaben sun yi tozo, wata tana ɗan tsaki ita kaɗai.

"Baba, don Allah kada ka taɓa su."

"Zauna, yarinya. Yau ranarki ce."

Ya gyara murya. "Jama'a, an ce ilimi sai a jami'a. Ni ban ƙi ba. Amma akwai ilimin da ake haihuwar mutum da shi..."

Dakta ta matso ta sunkuya tana duban kwalaben. "Baba, wannan kwalbar ta mene ce?"

"Ta man shafawar matata."

"Wannan fa?"

"Ta yaji ce. Waccan ta maganin tari."

"Me ka zuba musu?"

Ya fara lissafi da yatsu yana ƙara murya don na baya su ji. Romon kaza. Gishiri. Gwaiduwar ƙwai. Sukari, ba a yi rowa ba. Yis na gidan burodi, sabo, mai rai.

"Mai rai," in ji Dakta. "Da sukari. Ka ɗaure marfi. Ka sa a rana." Ta ɗauki jakarta, ta kama hannun Auta, suka ja da baya har bayan mota.

"Ka gani?" Na-Iya ya ce wa Tela. "Kwarjinin aikin ne."

Ya ɗauki babbar kwalbar, ya ɗaga ta sama, ya girgiza ta don tsokar ta motsa kowa ya gani. Sannan ya kama tef ya warware.

Fau! Marfi ya tashi ya bugi kwanon rumfar shago. Abin da ke ciki ya biyo baya kamar famfon da ya fashe, ya wanke fuskar Na-Iya, ya yi sama ya dawo a kan 'yan layin gaba. Na-Iya ya yi baya ya bangaji tebur, kwalabe suka gwaru da juna, ta biyu ta amsa, ta uku ta ce ba a bar ta a baya ba. Wani wari ya tashi wanda ba a taɓa jin irinsa a layin ba, warin ruɓaɓɓen ƙwai da ya auri tsamin giya. Masu benci suka kife da bencinsu. Yaran katanga suka dira ta ɗaya gefen. Wani dattijo da ya shekara yana jan ƙafa da sanda, ranar an ga ya tsere wa samari, sandar ma a nan ya bar ta.

Kwalbar nan mai tsumma ba ta fashe ba, gangarowa ta yi ta zube a kan farin yadi. Sai ga fararen tsutsotsi suna mutsu-mutsu, 'ya'yan ƙudajen da suka samu hanya ta tsumman.

Na-Iya ya share ido ya gan su. "Allahu akbar! Jama'a ku dawo! Tsokar ta haihu!"

Ba mutumin da ya dawo. Kaji ne suka amsa kira, don a turmutsutsun an taka kejin ya buɗe. Suka hau tebur da ƙafafu, suna caccaka suna barbaza, zakaran ya taka kafaɗar Na-Iya ya yi cara.

Tela ya tsaya yana kallon yadinsa, wanda yanzu yake da kore da ruwan ƙasa da sawun kaji. "Rigar ango ce," ya ce a hankali. "Jibi zai zo karɓa."

"Ka ce masa sabon zane ne," in ji Na-Iya da ƙaramar murya.

Sai aka ji wani sauti daga bayan mota. Dakta ce ta dafa ƙofa tana dariya har tabarau ya zame. Auta ba ta taɓa ganin haƙoranta ba sai ranar. Da ta samu numfashi ta dafa kafaɗar yarinyar.

"Share hawayenki. Wannan warin bai fito daga ɗakina ba, na shaida. Ranar Litinin ki zo da wuri mu sake zubi. Ni nawa sai da suka shekara suna mutuwa kafin su kama."

Ta ciro hankici ta rufe hanci, ta taka a hankali zuwa tebur. Kwalba ɗaya ta tsira, ta maganin tari, mai kala huɗu a ciki. Ta sassauta marfin kaɗan kaɗan har iskar ta fita.

"Baba, za ka ba ni wannan?"

Na-Iya, da gwaiduwa a rabin gemu da gashin kaza a hula, ya miƙe tsaye. "Don bincike?"

"Don koyarwa. Duk irin lalacewar da nake kwashe zango guda ina yi wa ɗalibai bayani, ka haɗa mini su a kwalba ɗaya. Ban taɓa ganin wanda ya iya haka ba."

Daga duk maganar, kalmar ƙarshe ce ta shiga kunnensa.

Sati guda yana wanke ƙofar shago da sabulu. Ya sayo wa matarsa tukunya, ya bi Tela har gidan ango suka ba da haƙuri, aka sake yadi. Auta ta koma aikinta, kuma da ta zo hutu ta ba shi labarin kwalbarsa tana nan a kan kanta daidai ƙofar ɗakin gwaji. Duk sabon ɗalibi sai an tsai da shi a gabanta an buɗe masa ya shaƙa, don ya san abin da ƙazanta take haifarwa.

Washegari tun kafin Tela ya zare zare, Na-Iya ya riga ya zauna a bencinsa ya harɗe ƙafa.

"Ka ji labari? Yanzu a jami'a ba mai fara aiki sai ya tsaya gaban kwalbata ya sunkuyar da kai."

"Toshe hanci suke yi, Na-Iya."

"To kai ka taɓa ganin wanda ya toshe hanci bai sunkuyar da kai ba?"